Tsinken da Ya Yi Mana Ƙarya a Hanyar Rijiya

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina tuƙi, na manta yawancin hanyoyin da na bi da fuskokin da na ɗauka, amma akwai wuni guda da ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Wunin nan ne wani ɗan tsinke da bai kai tsawon ɗan yatsana ba ya kusa jawo asarar shanun jama'a, ya kuma kusa mayar da wani dattijo maƙaryaci a idon danginsa.

Lokacin Faransa na mulkin ƙasar nan, saura 'yan shekaru a ba mu ita. Ni ne direban motar masu aikin dabbobi a Dakoro. Motar ragowar yaƙi ce, ta sha hannu kafin ta iso gare ni. Ƙofar gefe da igiya nake ɗaure ta, in ta tashi kuma sai awakin unguwa su watse. Mutanen kasuwa suna tsokanata wai tun ina can garin Sabon Maci suke jin tarinta. Duk da haka ina son abata, don ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. A gaban direba akwai agogo uku. Na mai ya mutu tun kafin in same ta, da sanda nake auna tanki. Na gudu shi ma ya mutu, kuma ba a yi asarar komai ba, don ba ta da gudun da za a auna. Saura na zafin inji, mai ɗan farin tsinke da jan zane a ƙarshe. Da yake shi kaɗai ne mai rai, sai muka ɗauke shi tamkar ba ya kuskure.

Wanda nake ɗauka shi ne likitan dabbobi, wani saurayi ɗan ƙasa da ya fito daga lakwal, wato makarantar boko, bai daɗe ba. Mutumin kirki ne, ba ya raina mutane, amma abin da aka rubuta a takarda ya fi masa abin da idonsa ya gani. Ranar da aka damƙa masa motar, Baturen da ke samansa a Maraɗi ya gargaɗe shi cewa in inji ya ƙone to babu wata, kuma shi da direba za su amsa. Ni ma na san wani direban da aka karɓe wa parmi, wato takardar tuƙi, saboda ya ƙona inji. Saboda haka mu biyu duk muna tafe da tsoron jan zanen nan a cikinmu.

Ana tsakiyar bazara sai wani ardo ya iso Dakoro bisa raƙumin aro, ya sauka a ƙofar ofis ko ruwa bai nema ba. Ciwon bushiya ya faɗa wa shanu a wata rijiya da ke arewa da Badar Gula. Wanda ya san bushiya ya san ba ta shawara: saniya ta fara hawaye da dalala, bakinta ya yi gyambo, zawo ya biyo baya, kwana kaɗan sai gawa. Dabarar makiyaya tun kaka da kakanni ita ce gudu, kowa ya kora nasa ya yi nisa da inda ciwon ya ɓulla. Shi kuwa Ardo ya taɓa ganin rigakafi a wani wuri, ya kuma lura cewa gudun nan shi ke kai ciwon rijiya-rijiya. Sai ya tara danginsa ya roƙe su su zauna, ya ɗora girmansa a kan maganar, ya ce su ba shi kwana bakwai zai dawo da mai magani. Suka yarda da ƙyar, suka ce in la'asar ɗin rana ta bakwai ta yi ba su ga kowa ba, da sun gama shayarwa za su watse, kuma kada ya sake kiran su taro.

Maganin ba ya jure zafi, sai cikin ƙanƙara, ƙanƙara kuwa sai Maraɗi. Kafin a aika, a amsa, a haɗo, kwana shida sun tafi. Da hantsin rana ta bakwai muka ɗora akwatin katako a bayan mota, kwalabe na ciki, ƙanƙara ta kewaye su, an lulluɓe da garin katako da jiƙaƙƙen buhu. Muka ɗauki bido biyu, wato jarkoki, na ruwa. Likita ya zauna gefena, Ardo ya hau baya ya rungume akwatin. Ina shirin tayar da mota maiɗakina ta aiko da ɗan kwanon dambu mai murfi. Al'adarmu ce direbobin wancan zamani, mu ɗaure kwanon abinci a jikin inji da waya don ya zauna da ɗumi har lokacin ci. Na buɗe murfin inji cikin gaggawa, na naɗa wayar a inda hannuna ya fara samu, na murɗe, na rufe. A lissafina, in rairayi bai cinye mu ba, kafin azahar muna bakin rijiya.

Mun yi tafiyar kamar awa guda lafiya lau, sai muka shiga wani wuri mai gargada. Motar ta yi tsalle, ta dira, sai na ji Likita ya dafa min hannu. Tsinken ya bar tsakiya inda ya saba zama, ya je ya kwanta a kan ja. Na kashe mota nan take, muka fito. Na saurara ban ji ruwa na tafasa ba. Na shinshina ban ji ƙaurin nan na inji mai wahala ba. Na sa tsumma na buɗe bakin radiyato, wato tukunyar ruwan da ke gaban inji, a hankali ina kawar da fuska, ko tururin kirki bai fito ba, ruwa kuma yana nan cike. Na duba bel ɗin fanka, yana nan da ƙarfinsa. Na leƙa ƙasa, babu ɗigo ko ɗaya a kan yashi. Na ce wa Likita ni dai ban ga alamar zafi ba. Ya ce agogo ba ya da ra'ayi, abin da ya ji shi yake faɗi, mu jira ta huce. Muka jira rabin awa. Da na tayar, tsinken ya hau tsakiya ya zauna kamar bai taɓa yin laifi ba, Likita ya dube ni da irin kallon nan na "ka gani ko".

Ba mu yi nisa ba ya sake kwantawa a ja. Wannan karon Likita ya ce a zubar da ruwan da ke ciki a zuba sabo mai sanyi. Raina bai so ba, don ruwa a wannan daji ba abin wasa ba ne, amma na yi. Bido guda ya tafi a yashi, awa guda ta tafi tare da shi. Yau da nake tunawa, haushin kaina nake ji fiye da na kowa. Hancina da kunnena da tafin hannuna duk sun gaya min motar lafiyarta ƙalau, amma na ƙi tsayawa a kan abin da na sani, don kawai abin da ke ƙaryata ni yana da gilashi da rubutun Nasara. Tsoro ne ya rufe min baki, ba ladabi ba.

Tsayawa ta uku ita ce ta fi muni. Mun wuce Badar Gula, rana ta take tsaka, babu inuwa sai ta wata 'yar aduwa da ko jaki ba za ta rufe ba. Tsinken ya kwanta a ja ya ƙi tashi. Likita ya ce ba za mu motsa ba sai ya sauka, ko da za mu kai yamma. Ya zauna a gindin aduwar ya buɗe littafin motar yana juya shafi, gumi na ɗiga a kai. Ni kuwa na zagaya baya in ga Ardo. Na tarar ya kwance rawaninsa ya shimfiɗa a kan akwatin, kansa a buɗe cikin wannan rana, dattijo mai furfura. Ruwa na ɗiga daga kusurwar akwatin, ɗis, ɗis, yashi na shanyewa. Ya tara hannunsa a ƙarƙashi, ba don ya sha ba, sai dai kamar yana son ya mayar da shi ciki. Ban taɓa jin tausayi haɗe da kunya irin na wannan lokaci ba.

Bai yi min faɗa ba, bai ma tambaye ni yaushe za mu tashi ba. Tambayarsa ɗaya ce, wai mene ne ciwon motar. Na ce abin aunawa ne ya ce jikinta ya yi zafi. Ya ce zafin a hankali ya hau ko kuwa lokaci guda. Na ce lokaci guda, kafin ƙiftawar ido. Sai ya ce:

"Ni ban san mota ba, ɗana. Amma shekara sittin ina taɓa kunnen shanu, ban taɓa ganin zazzaɓin da ya zo cikin ƙiftawar ido ba, ya tahi cikin ƙiftawar ido."

Maganar ta shige ni. Gaskiya ne, ruwa ba ya tafasa da tsalle, ko a murhu a hankali yake hawa. Na tuna kuma duk sau ukun nan sai mota ta daki gargada tsinken ke tashi, ba a kan tudun yashi inda inji ke nishi ba. Na koma gaba na ɗora tafin hannuna a kan inji. Ya kusa awa a kashe, ɗuminsa bai fi na dutsen da ya sha rana ba. Na shiga na murɗa makulli rabi, wanda ke kunna agogo ba tare da inji ya tashi ba. Tsinken ya yi wuf ya kwanta a ja.

Na kira Likita ya zo ya gani. Ya ce watakila zafin yana can ciki inda hannu ba ya kai. A nan ne raina ya ɓaci, kuma na gode Allah da ya ɓaci. Ban iya karatu ba, amma na yi shekaru a garaji a Maraɗi kafin in zama direba, na san hanyar da labari ke bi ya iso wannan agogo. Akwai wani ɗan ƙarfe da aka ɗaura a kan inji, kansa na cikin ruwa, shi ke jin zafi. Waya guda ce ta taso daga gare shi ta ratsa ta shiga bayan agogo. Wato shi ne mai kawo labari, wayar ita ce hanya, tsinke kuwa mai shela ne kawai. In ka raba wayar da ɗan ƙarfen, labari ya yanke, dole tsinke ya faɗo ƙasa. Na kama wayar a gaban idon Likita na cire ta, na ɗaga bakinta sama yana lilo a iska, na ce ya leƙa ya gaya min abin da ya gani. Ya leƙa. Tsinken na nan kwance a ja.

"To Likita, yanzu zahin wa yake aunawa? Ga wayar a hannuna, ba ta taɓa inji ba."

Ya tsaya yana kallon wayar, yana kallon agogon. Na yaba masa abu guda, kuma har gobe ina yabawa: bai yi gardamar girman kai ba. Ya rufe littafin ya ajiye a kan kujera, ya ce in gaya masa abin da zai riƙe min.

Saura a gano inda ƙaryar ke shiga. In tsinke ya kwanta a ja alhali an cire waya daga tushenta, to a wani wuri tana taɓa ƙarfen mota. Wayoyin wancan lokaci da zare ake saƙa musu riga, in sun tsufa rigar sai ta yi ta marmashewa. Na sa Likita ya zauna a gaban agogo ya zuba masa ido, na ce da ya ga ya motsa ya yi magana. Na fara bin wayar da yatsu biyu daga bakinta, ina ɗagawa, ina girgizawa, taƙi bayan taƙi. Ƙarfe na ƙona min hannu, gumi na shiga min ido. Na wuce bayan inji, shiru. Na bi ta gefen batir, shiru. Na kai inda ta lanƙwasa za ta shiga cikin mota, hannuna ya ci karo da wani abu mai ɗumi, na ture shi gefe don in samu hanya, sai na ji Likita ya ce ya faɗo. Na saki, ya ce ya koma. Na sake turewa, ya ce ya faɗo.

Na sunkuya na duba abin da nake turewa. Kwanon dambuna ne. Wayar da na ɗaure shi da ita da safe, cikin gaggawa na haɗa ta da wayar agogo na murɗe su tare a jikin wani ƙarfe. Kowace gargada sai kwanon ya yi rawa, wayata ta goge rigar waccan, har ta cinye ta, jan ƙarfen ciki ya fito yana sheƙi. Da farko sai an yi tsalle suke haɗuwa, daga baya suka manne. Awa ukun da muka zubar, da bidon ruwa, da ƙanƙarar da ke narkewa, duk aikin hannuna ne.

Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya raya min in kwance kwanon in jefa shi ƙarƙashin mota, in ce ɓera ne ya ci wayar. Murfin inji ya kare ni, babu mai gani. Amma na ɗago ido na hangi kan dattijon nan a buɗe cikin rana, sai na ji ba zan iya ƙara wata ƙaryar a kan wadda muka wuni muna bi ba. Na kwance kwanon na fito da shi na ɗaga, na ce ga mai laifin, ga kuma wanda ya ɗaure shi. Likita ya dubi kwanon, ya dube ni, na ga leɓensa na rawa, na ɗauka zagi ne ke tafe. Ashe dariya ce. Ya yi ta har ya dafa mota. Da ya lafa sai ya ce shi ya yi shekara huɗu a lakwal, yau kwanon dambu ya zaunar da shi gindin aduwa.

Na yanko ɗan siririn roba daga tsohon tiyo na taya, na naɗe wurin da ya goge sosai, na ɗaure da zare, na janye wayar nesa da kowane ƙarfe, na mayar da bakinta kan ɗan ƙarfen inji. Duk da gaggawar da muke ciki ban yarda mun tashi nan take ba, don agogon da ya yi maka ƙarya sau uku sai ka ga shaidar tubansa. Na tayar da inji muka zuba ido. Tsinken ya tashi daga ƙasa a hankali, a hankali, ya kai tsakiya ya tsaya. Na girgiza motar da ƙarfi, bai motsa ba. Na ce wa Ardo ya ɗaura rawaninsa ya riƙe akwati da kyau.

Ban taɓa tuƙi irin na wannan yammaci ba, kafin nan ko bayan nan. Na rage iskar taya don yashi, na ba tsohuwar wuta, ita kuma kamar ta san abin da ake ciki. Ardo na tsaye a baya yana buga rufin mota, bugu ɗaya dama, bugu biyu hagu, don babu hanya sai sawun shanu. Likita na riƙe da igiyar ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana ɗibar dambu yana ci, ya ce hukuncin mai laifi ke nan. Muka hau tudu uku masu nauyi, inji na kuka, tsinken ya ɗan matsa sama kaɗan kamar yadda ya dace, muna gangarawa ya dawo wurinsa. Duk lokacin da na saci kallonsa sai in ji wani daɗi ya cika min ƙirji.

Inuwa ta fara tsawo lokacin da muka hango ƙura a gabanmu. Da muka hau tudun ƙarshe sai ga rijiyar a ƙasa, an riga an naɗe igiyoyin guga, an ɗora kaya a kan jakuna da shanun dako, garken farko har ya juya baya ya fara tafiya. Na danna oda ban saki ba. Ardo bai jira na tsaya ba, ya diro, ya faɗi, ya tashi, ya nufi mutanensa da sauri yana ɗaga sandarsa. Na ga matasa sun ruga sun tare kan garken da ya juya. Likita ya buɗe akwatin. Ƙanƙarar da muka taso da ita kamar turmi, abin da ya rage bai fi dunƙulen hannu biyu ba, amma kwalaben na da sanyi. Ya ɗora ɗaya a kumatunsa, ya lumshe ido, ya ce alhamdu lillahi.

Muka yi ta aiki har rana ta faɗi, muka ƙarasa washegari. Matasa na kayar da shanu, Likita na yin allura, ni da aka ɗauka tuƙi na koma mai riƙe ƙaho. An ware marasa lafiya can gefe, waɗansunsu sun mutu, amma ciwon bai bi sauran garkunan ya ƙetare wannan rijiya ba. Gida ɗaya ne kawai ba mu tarar ba. Wani ƙanen Ardo ya gaji da jira, ya kora nasa tun azahar, daidai lokacin da muke zaune gindin aduwa. Bayan watanni na ji labarin bai tsira da ko rabinsu ba. Wannan yana cikin abin da nake roƙon Allah gafara a kai har yau.

Da za mu tafi, Ardo ya kama hannuna a gaban dattawan da suka kusa juya masa baya. Na ce masa ya daina gode min, ni ne na jawo jinkirin. Ya ce ya sani, yana kallo lokacin da na ɗaga kwanon.

"Ka ɓata, ka gano, ka hwaɗi da bakinka. Mutanena sun ga na cika magana. Mi ya rage kuma?"

Abin da wunin nan ya koya min shi ne, duk abin da ke ba ka labari, agogo ne ko mutum, abin da aka zuba masa yake faɗi. Kafin ka tsayar da tafiyar jama'a saboda shi, bi hanyar da labarin ya biyo taƙi bayan taƙi, kuma in za ka fara zargi, fara da inda hannunka ya taɓa. Daga ranar ban sake barin tsoro ya hana ni faɗin abin da na sani ba, don na ga abin da shirun awa uku ya ci wa mutumin da bai san ma ina duniya ba.